Baƙuwa a Gidan Faransawa Ran Bikin Ista

A ƙasashen Turai akwai wata al'ada da ake kira musayar 'yan makaranta. Ga yadda take. Sai a ɗauki yaro daga ƙasarsu, a kai shi wata ƙasa, a sauke shi gidan waɗansu mutane da bai taɓa gani ba. Cikin iyali ake sa shi, ya ci abin da suka ci, ya kwana inda suka kwana, da safe ya bi ɗan gidan zuwa makaranta. In ya cika kwanakinsa zai koma, sai shi kuma ɗan gidan nan ya bi shi, ya zauna wurin iyayensa kwanaki daidai da waɗanda aka yi a gidansu. Don haka ake ce da abin musaya, watau ka ba ni ɗanka, in ba ka nawa.

A darasin nan za mu bi wata yarinya Bajamushiya, 'yar shekara 14, mu ga abin da ta gani. Labarinta misali ne, gama yara irinta suna da yawa kowace shekara. Ta taso daga Hamburg, babban birni mai tashar jiragen ruwa a arewacin Jamus, aka sauke ta wani ƙauye kusa da birnin Tulus a kudancin Faransa. Tsakanin garuruwan nan biyu ya fi kilomita 1,200. Wata uku za ta yi. Tana nan sai bikin Ista ya riske ta a gidan mutane. Amma kafin mu shiga gidan tare da ita, ya kamata ku san abin da ya sa iyaye suke sakin 'ya'yansu haka.

Mafarin musayar

Faransa da Jamus maƙwabta ne, iyakarsu ɗaya. Amma maƙwabtakar ta daɗe ba daɗi. Cikin shekara 75 sun gwabza yaƙi har sau uku: daga 1870 zuwa 1871, daga 1914 zuwa 1918, da kuma daga 1939 zuwa 1945. Miliyoyin mutane suka halaka, garuruwa suka zama kufai. A cikin 1940 kaɗai, Jamusawa sun kama sojan Faransa fiye da miliyan ɗaya da rabi, aka kwashi yawancinsu zuwa Jamus. Sai ya zamana yaro yana tashi a Faransa da jin cewa Bajamushe abokin gaba ne, na Jamus kuma yana tashi da jin haka game da Bafaranshe, alhali ko ganin juna ba su taɓa yi ba.

Ran 22 ga Janairu, 1963, shugaban Faransa, Janar Charles de Gaulle, da shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma, Konrad Adenauer, suka sa hannu a kan yarjejeniyar abuta a birnin Paris. Dukansu biyu dattawa ne, kowannensu ya ga yaƙin duniya na ɗaya da na biyu. To, sa hannu a takarda abu ne mai sauƙi, wanke zuciya shi ne aiki. Saboda haka a watan Yuli na shekarar nan aka kafa wata hukuma ta ƙasashen biyu, aikinta shi ne haɗa yaran Faransa da na Jamus su san juna. Har yau tana nan tana aiki, miliyoyin yara da samari sun ƙetare iyaka ta hanyarta. Akwai masu zuwa mako ɗaya ko biyu tare da 'yan ajinsu, akwai masu yin wata uku, akwai masu yin wata shida. Hikimar abin a fili take: wanda ka ci abinci da shi akushi ɗaya, da wuya ka yarda a ce maka dodo ne.

Lokacin toho

Turawa sun kasa shekara kashi huɗu kamar yadda muka kasa tamu, amma nasu kashin dabam ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu sanyi ne mai tsanani. Yawancin itatuwa sukan zubar da ganye su tsaya tsirara, kamar sun mutu. Rana takan makara fitowa, ta yi saurin faɗuwa. A Tulus, ranar da ta fi gajarta a Disamba ba ta wuce awa 9 ba, ga shi kuwa a watan Yuni yini yakan wuce awa 15.

Wajen 20 ga Maris sai dare da yini su yi daidai. Daga nan yini ya dinga tsawo, ƙasa ta ɗumama, itatuwa su fara toho, furanni su buɗe, tumaki su fita kiwo da 'ya'yansu. Tsattsewa ma, wadda ta gudu daga sanyi ta zo ƙasashenmu na Afirka, a lokacin nan take komawa. Faransawa suna kiran wannan lokaci printemps. Waɗansu sukan fassara shi da bazara, amma kada ku ɗauka irin bazararmu ce mai zafi da gumi. Nasu sanyi-sanyi ne da yayyafi da ɗanyen ganye. Mu kira shi lokacin toho.

A lokacin nan makarantun Faransa sukan ba da hutun mako biyu. An raba ƙasar shiyya uku, kowace shiyya da ranar tashinta, don kada kowa ya fito hanya rana ɗaya. Saboda haka wata shekara hutun yakan haɗu da Ista, wata shekara ya kuskure. A shekarar da baƙuwarmu ta je, ya haɗu.

Mene ne Ista?

Ista shi ne babban idin Kirista. Sun gaskata an gicciye Yesu ran Jumma'a, ya tashi daga matattu ran Lahadi, wannan tashin suke tunawa. Faransawa suna rubuta sunan bikin Pâques, su faɗe shi "Pak". Kalmar ta samo asali ne daga sunan Idin Ƙetarewa na Yahudawa, wanda yake zuwa a lokaci guda. Jamusawa kuwa Ostern suke cewa.

Ista ba ta da tsayayyar rana a kalanda, domin da rana da wata duka ake dubawa. Tun a shekara ta 325 shugabannin Kirista suka taru a garin Nikiya, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, suka nemi kowa ya riƙa yin idin rana ɗaya. Ƙa'idar da aka zauna a kai ita ce, a jira 21 ga Maris, sa'an nan a jira wata ya cika, watau ya yi daren sha huɗu, Lahadin da ta biyo baya ita ce Ista. Don haka ba ta riga 22 ga Maris, ba ta kuma wuce 25 ga Afrilu. A 2024 ta faɗo 31 ga Maris, a 2025 ta faɗo 20 ga Afrilu, ta 2026 kuwa 5 ga Afrilu.

Ba dukan Faransawa ke zuwa majami'a ba. Tun 1905 doka ta raba harkar gwamnati da ta addini a ƙasar, kowa da abin da yake bi, waɗansu ma ba su bin kome. Amma da mai zuwa majami'a da wanda ba ya zuwa, yawanci sukan ɗauki Ista ranar haɗuwar dangi. Litinin da ke bin ta kuma ranar hutu ce ga ƙasa duka tun 1886.

Ƙararrawa ta yi shiru

Gidan da aka sauki yarinyar mutum huɗu ne: maigida, da uwargida, da 'yarsu tsarar baƙuwar, wadda ita ce abokiyar musayarta, da ƙaninta ɗan shekara shida. Ran da ta iso ta miƙa hannu za ta gaisa, sai uwargida ta jawo ta ta sumbace ta a kumatu, dama da hagu. Haka Faransawa suke gaisawa da nasu. Da fari tana kiran uwargida "Madam", tana ce mata vous, watau "ku", irin yadda ake girmama babba. Bayan 'yan kwanaki uwargida ta ce, "Yarinyata, bar ce mini ku. A gidan nan ke 'ya ce." Daga ranar ta koma ce mata tu, watau "ke". A Faransa babba ne yake ba da wannan izini, yaro ba ya farawa da kansa.

A tsakiyar ƙauyen akwai majami'a mai doguwar hasumiya. Kullum ƙararrawarta takan kaɗa da safe, da tsakar rana, da maraice, har yarinyar ta saba tashi da ita. Ran Jumma'a kafin Ista ta farka ba ta ji kome ba. Ta ga kuma maigida ya saɓi jakarsa ya tafi aiki, ga shi kuwa a Jamus Jumma'ar nan ranar hutu ce. Abu biyu ke nan suka ɗaure mata kai. Ta tuna matambayi ba ya ɓata, sai ta tambaya a wurin karin kumallo, "Yau me ya sami ƙararrawa? Ta lalace ne?"

Ƙanen nan ya yi farat ya ce, "Ashe ba ki sani ba? Ai ta tafi Roma! Jiya da dare ta yi fiffike ta tashi. Paparoma zai sa mata albarka, ran Lahadi ta komo cike da ƙwai, ta zuba mana a lambu."

Yarinyar ta ce, "A'a, ai zomo ne yake kawo ƙwan Ista. A garinmu kowa ya san haka."

Yaro ya fashe da dariya, ya ce, "Zomo? Yaushe zomo ya fara ƙwai?"

Ta ce, "To, kai yaushe ka ga ƙararrawa da fiffike?"

Gida duka aka kwashe da dariya. Uwargida ta ƙyafta mata ido, alamar kada ta tona asiri gaban ƙaramin. Da yaro ya fita wasa, sai ta bayyana mata. A majami'un Katolika, daga maraicen Alhamis ake daina kaɗa ƙararrawa, don nuna baƙin cikin mutuwar Yesu, ba a sāke kaɗawa sai daren Asabar wayewar Lahadi. Yara kan tambayi dalili, shi ne iyaye tun zamanin dā suka ƙaga musu tatsuniyar tafiya Roma. A waɗansu ƙauyuka na gabashin Faransa, a kwanakin nan yara ne suke zaga gari da wani abin kaɗawa na katako mai ƙara, suna sanar da mutane lokacin addu'a a maimakon ƙararrawa.

Uwargida ta ƙara da cewa zancen zomo ma yana da gida a Faransa. Akwai wani yanki a bakin iyaka da ake kira Alsas. Jamus ta karɓe shi a 1871, Faransa ta sāke karɓarsa a ƙarshen yaƙin 1918. Mutanensa suna da al'adun ɓangare biyu. A can zomo ne yake kawo ƙwai, ana kuma toya wani kek mai siffar ɗan rago, Jumma'ar Ista ma ranar hutu ce kamar a Jamus. Kun ga ke nan ƙasar da aka yi ta zub da jini a kanta, ita ce ta fi nuna kusancin mutanen nan biyu.

Daren Asabar

Kada ku zaci zaman baƙunci duka dariya ne. Yini guda mutum yana magana da bakin da ba nasa ba, kafin dare kansa ya yi nauyi. Ranar biki kuwa ita ta fi tuna wa baƙo gida. A arewacin Jamus, daren Asabar ɗin Ista akan tara itace tuli guda a cinna masa wuta. A Hamburg har bakin kogin Elbe ake yi, mutane su taru suna kallo. Da magariba ta yi, yarinyar ta tuna yanzu iyayenta da ƙannenta suna can gaban wuta ba ita. Ta shige ɗaki ta rufe ƙofa, ta yi ta share hawaye.

Uwargida ta lura, amma ba ta tsaya dogon lallashi ba. Sai ta ƙwanƙwasa ƙofa ta ce, "Zo ki taya ni, hannu biyu ba su ishe ni ba. Ki kuma nuna mini yadda kuke yi a gidanku." Yarinyar ta fito. Ta ɗauki ƙwai ta huda shi sama da ƙasa da allura, ta hura har abin ciki ya zube a kwano, ya bar ɓawo fanko. Suka yi guda goma sha biyu, suka yi musu zane da launi iri iri, suka zura zare. Ta yanko reshe mai toho daga lambu, ta sa a tulun furanni, ta rataye ƙwan a jikinsa. Haka Jamusawa suke ƙawata ɗaki da Ista. Kafin su gama ta manta da kuka. Can da dare ya yi nisa, sai suka ji ƙararrawar majami'a ta ɓarke da kaɗawa ba ƙaƙƙautawa. Uwargida ta yi murmushi ta ce, "Kin ji, ta komo."

Farautar ƙwai

Ran Lahadi tun da asuba maigida ya sulale lambu da jaka a hannu. Ya ɓoye ƙwai cikin ciyawa, da gindin furanni, da kan ressa, da bayan tukwanen shuka. Da hantsi ya yi, baƙi suka fara isowa: kakanni, waɗanda yara ke kira Papi da Mami, da ƙanwar uwargida da mijinta da 'ya'yansu uku. Sai maigida ya daga murya ya ce, "Ƙararrawa ta wuce!" Aka ba kowane yaro ɗan kwando, suka bazu cikin lambu da gudu. Wannan shi ne abin da Faransawa ke kira farautar ƙwai. Manyan yara sukan yi kamar ba su gani ba, su bar wa ƙanana na kusa. Da aka gama aka juye duka wuri ɗaya, aka raba daidai, don kada wani ya koma da kuka.

Ƙwan nan ba na kaza ba ne, na cakulan ne, an naɗe shi da takarda mai walƙiya. Akwai kuma cakulan mai siffar kaza, da na ƙararrawa, da na ƙananan kifaye. To, me ya haɗa ƙwai da Ista? Dalili biyu ne. Na ɗaya, kafin Ista Kirista suna da azumin kwana 40. A zamanin dā, cikin kwanakin nan an hana cin nama da ƙwai. Kaji kuwa ba ruwansu da azumi, lokacin toho ma ya fi sa su ƙwai. Sai ƙwai ya taru jingim a gidaje. Akan dafa shi don kada ya lalace, a rina shi da ɓawon albasa ko wani launi, ran idi a raba wa 'yan uwa da maƙwabta. Na biyu, ƙwai a ido kamar dutse yake, ba motsi, amma daga cikinsa ɗan tsako yake fitowa. Saboda haka aka ɗauke shi alamar sabon rai.

Ƙwan cakulan kuwa bai daɗe kamar na kaza ba. Sai cikin ƙarni na 19, da aka gano yadda za a narka cakulan a zuba a mazubi ya daskare, sa'an nan ya yaɗu. Cakulan daga koko ake yinsa, koko kuwa ba ya fita a Turai. Wajen rabin kokon duniya daga Kwaddibuwa da Gana yake fitowa, Nijeriya da Kamaru ma suna nomansa. Watau a cikin kwandon yaron nan na Faransa akwai gumin manomin Afirka ta Yamma.

A kan tebur

Wajen ƙarfe ɗaya aka zauna cin abinci, mutum goma sha biyu a tebur guda. Faransawa ba su ɗauki cin abincin biki abin gaggawa ba. A 2010 hukumar UNESCO ta sa irin wannan zaman cin abinci nasu cikin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Bi da bi ake kawo shi. Da fari ɗan abin taɓawa da abin sha, manya da nasu, yara da ruwan 'ya'yan itace. Sa'an nan abin buɗe ciki marar nauyi. Sa'an nan babban abinci. Bayansa cuku iri iri da burodi, daga ƙarshe kayan zaƙi. Kafin a tashi an yi awa uku ko fiye, rabin lokacin kuwa hira ce.

Babban abincin Ista a gidaje da yawa cinyar ɗan rago ce. Akan tsattsaga ta a cusa tafarnuwa, a gasa, a kawo ta da wani irin ƙaramin wake mai launin kore-kore. Cin rago a idin nan ya samo asali daga Idin Ƙetarewa na Yahudawa, Kirista kuma suna kiran Yesu Ɗan Rago na Allah. Ga shi kuma lokacin toho ne 'yan raguna suke samuwa.

Yarinyar ta riga ta koyi ladabin tebur ta wurin kallo. Ba a fara ci sai an zuba wa kowa, uwargida ta yi wa mutane fatan a ci lafiya. Hannu biyu a kan tebur ake ajiyewa, ba a kan cinya ba. Burodi a gefen faranti ake sa shi, a kan shimfiɗar tebur, a riƙa gutsura da hannu. In an kawo abin da ba ka sani ba, ka ɗanɗana kaɗan. In kuwa akwai abin da ba ka ci, saboda addini ko saboda lafiya, ka faɗa tun ran da ka sauka, ba wanda zai ji haushi. Abin da ke ɓata wa mai gida rai shi ne a yi shiru, a bar masa abinci a faranti bai san dalili ba.

Kusa da Papi aka zaunar da ita. Tsohon ya daɗe yana duban reshen nan mai ƙwai a tsakiyar tebur. Ya tambaya wa ya yi, aka ce baƙuwa ce. Sai ya juyo ya ce mata, "Yarinya, mahaifina ya zauna ƙasarku shekara biyar, amma ba da son ransa ba. An kama shi a 1940, aka kai shi wata gona yana aiki, sai 1945 ya komo. Har ya mutu ba ya son jin Jamusanci a gidansa."

Tebur ya yi tsit. Yarinyar ta sunkuyar da kai, gabanta yana faɗuwa. An koya mata labarin yaƙin nan a makaranta, amma ba ta taɓa zama kusa da wanda abin ya taɓa gidansu ba. Ta rasa abin da za ta ce, da Faransanci ko da Jamusanci.

Tsoho ya ci gaba, "Kalma ɗaya tak ya koya mini ta bakinku, ita ce wadda ya fi roƙo a can." Ya ɗauki burodi ya gutsura biyu, ya miƙa mata rabi, ya ce, "Brot." Watau burodi ke nan da Jamusanci. Ta karɓa da hannu biyu ta ce, "Na gode, Mushe." Ya ce, "Ba Mushe ba. Papi za ki ce, kamar sauran. Miƙo farantinki, naman nan zai huce."

Wainar ƙwai ta gari duka

Ran Litinin aka shiga mota aka nufi wani ƙaramin gari da ake kira Bessières, a bakin kogin Tarn, wajen kilomita 30 daga Tulus. Tun 1973 mutanen garin suke da wata al'ada. Kowace Litinin ɗin Ista sukan soya wainar ƙwai guda ɗaya a dandali, da ƙwai 15,000. Kaskon faɗinsa ya kai mita 4. Akan hura wutar itace a ƙarƙashinsa, masu dafuwa sanye da fararen kaya da dogayen huluna su kewaye shi, suna juyawa da manyan muciyoyi kamar masu tuƙa kwalekwale. In ta nuna sai a raba wa duk wanda ya zo, da ɗan burodi, kyauta.

Mutanen wurin suna da labari cewa wai sarkin yaƙin nan Napoleon ya taɓa kwana kusa da garin, aka soya masa wainar ƙwai ta yi masa daɗi, ya sa a tattaro ƙwan gari duka a soya wa rundunarsa. Wannan zancen baka ne, kamar na ƙararrawa mai fiffike. Abin da yake tabbas shi ne, dubban mutane ne suke taruwa, ba a kuwa tambayar kowa daga wace ƙasa ya fito kafin a zuba masa. Baƙuwarmu ta bi layi da farantinta kamar kowa.

Abin da ta koma da shi

Da wata uku suka cika, yarinyar ta koma Hamburg. Faransancin da a dā take tsinta ɗaya ɗaya daga littafi, yanzu har gardama take yi da shi. Ta san abin da ke ba Faransawa dariya, da abin da ke sa su yin shiru. Su kuma mutanen gidan, in an ce Jamus, ba taswira suke tunawa ba, fuskarta suke gani. Bayan 'yan watanni abokiyar musayarta ta bi ta, ita ma ta ɗanɗana baƙunci, ta yi kewar gida, aka lallashe ta da wani harshe.

Ku lura da abin da ya sa zamanta ya yi kyau. Ta buɗe ido ta kalli yadda masu gida suke yi. Abin da ba ta gane ba ta tambaya. Ba ta raina al'adarsu ba, ba ta kuma ji kunyar nuna tata ba. Su kuma masu gida sun san shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Ku ma wata rana za ku sauka gidan da ba naku ba, ko kuwa baƙo ya sauka naku, a kawo shi ajinku bai san kowa ba. Ran nan ku tuna da tsohon nan da gutsuren burodinsa.

Tambayoyi

1. Mece ce musayar 'yan makaranta? Don me ake kiranta musaya?
2. Sau nawa Faransa da Jamus suka yi yaƙi tsakanin 1870 da 1945? Me ya faru a 1963?
3. Yaya ake gane ranar Ista a kowace shekara?
4. Me ya sa ƙararrawar majami'a take yin shiru? Me ake gaya wa yara?
5. Kawo dalili biyu da suka haɗa ƙwai da bikin Ista.
6. Daga ina kokon da ake yin cakulan yake fitowa?
7. Me Papi yake nufi da ya miƙa wa yarinyar burodi?
8. Rubuta layi goma a kan yadda za ka karɓi baƙon da ya zo gidanku ranar biki.